Mota ta fara fin ƙarfinmu ne? Tambayoyi da amsoshi kan ajiye motoci da tsadar mai a Zariya

Tambayoyin nan su ne dai ake ta nanatawa a majalisu da gareji da ofisoshi tun da mai ya tashi, daga Samaru har cikin birni. Na tara su waje ɗaya na amsa, wasu a taƙaice, wasu kuma sai an yi haƙuri don maganar na da tsawo.

Wai da gaske mutane na rabuwa da motocinsu, ko kukan babu ne irin na kullum?

Da gaske ne, kuma ba sai an kawo maka takarda ba. Shiga kwatas ɗin ma'aikata a Samaru ko Kongo, ko ka bi layukan Hanwa da Gyallesu ka ɗan leƙa ta saman get, za ka ga mota an lulluɓe ta da tamfol, tayoyi sun sace sun zauna a ƙasa, ƙurar hunturu ta yi mata kauri har yara sun rubuta sunayensu da yatsa a gilashin baya, kaza ma ta samu wajen saka ƙwai a ƙarƙashinta. Mai motar yana nan lafiyarsa ƙalau, gobe da safe za ka gan shi bakin titi da jakar kwamfuta a kafaɗa yana tsaida napep. Wata kuma tana bakin hanya an ɗora mata galan a ka, ta sayarwa ce, wata uku ba wanda ya taya.

Hukumar da ke sa ido kan harkar mai, NMDPRA, ta ce kafin cire tallafi ana shan sama da lita miliyan 60 ta fetur kullum a ƙasar nan, bayan cirewa abin ya sauko ƙasa da miliyan 50. Eh wani kaso na ragin fasa-ƙwauri ne da ya ja baya, man da ake tsallakawa da shi Nijar da Benin da Kamaru, amma wani kason motocin nan ne da ke kwance a gidaje.

Sai dai a tuna, dama can mu ba masu mota ba ne da yawa. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a ƙarshen 2018 motocin da ke Najeriya gaba ɗaya, har da na haya da na gwamnati, ba su cika miliyan 12 ba, a ƙasa mai mutum wajen miliyan 200. Kusan mota shida kenan ga mutum ɗari. Amurka kuwa sun haura 80 ga mutum ɗari. Toh masu ajiyewar su ne 'yan tsakiyar nan, malamin jami'a da na sakandare, nas, ma'aikacin banki, mai shago a kasuwar Sabon Gari, waɗanda suka yi shekaru suna adashi kafin su sayi Golf ko Corolla ɗaya.

Tsadar mai ce kaɗai ta jawo?

Ita ce babba amma ba ita kaɗai ba. Ranar 29 ga Mayu 2023 Tinubu ya faɗa a jawabin rantsuwa cewa tallafin mai ya tafi, kwana biyu ba a yi ba lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 a nan wajenmu, zuwa Oktoba 2024 ta tsallake 1,000. Tun daga nan tana hawa tana sauka, amma inda ta baro dai ba ta ko waiwaya ba.

Mu yi lissafi a saukake. A ƙaddara gidanka da wajen aikinka kilomita 30 ne zuwa da dawowa, har da ajiye yara a makaranta, motarka kuma tana cin lita ɗaya a kilomita 10, wanda tsohuwar mota a cikin gari da ƙyar ma take yin haka. Lita uku kenan kullum. Lokacin da lita take 195, a kwanan aiki 22 ba ka kashe dubu 13 ba. Ko a 900 ka sa litar, kuɗin ya kusa dubu 60, mafi ƙarancin albashi kuma da aka sa hannu a 2024 dubu 70 ne. Ba a yi maganar zuwa biki Kaduna ko gaisuwar mutuwa Kano ba fa.

Sai dala. A Yunin 2023 aka saki naira ta nemi farashinta da kanta, dalar da gwamnati ke bayarwa wajen 460 ta wuce 1,500 a farkon 2024, kuma duk abin da ke jikin mota da dala ake shigo da shi, taya, batir, fulogi, baƙin mai, birki, har kuɗin kwastan da dala ake auna shi. Shi ya sa ɗan Kwatano da ake saya da can da kuɗin fili ƙarami yanzu ya zama na masu hannu da shuni, dama a Janairun 2017 an hana shigo da motoci ta iyakar ƙasa. Inshorar dole ma daga dubu 5 ta koma dubu 15 a 2023. Mota kamar doki ce, ko ba a yi hawa ba sai an ba shi dusa da harawa, takardu na ƙarewa, batir na mutuwa, taya na tsagewa tana tsaye.

An ce Turawa ma suna rage sayen mota. Matsalarmu ɗaya da su kenan?

A'a, kama ce kawai. Gaskiya ne a Amurka a 1983 kusan kashi 46 cikin ɗari na 'yan shekara 16 suna da lasin tuƙi, zuwa 2014 abin ya faɗo kusan kashi 25. A Japan ma an daɗe ana maganar samari sun daina ɗokin mota, kuma can ba za a yi maka rajistar mota ba a yawancin garuruwa sai ka nuna inda za ka riƙa ajiye ta. Singafo tun 1990 sai ka sayi takardar izinin mallakar mota a gwanjo, takardar da kan fi motar kanta tsada wani lokaci. Landan kuma tun 2003 in za ka shiga tsakiyar gari da mota a ranar aiki sai ka biya.

Amma saurayin Tokiyo ko Landan da ya ce ba ya son mota, jirgin ƙasa na jiransa a ƙarƙashin unguwarsu duk bayan 'yan mintoci. Shi ya bar mota ne don ya samu abin da ya fi ta sauƙi. Namu malamin da ya ajiye tasa a Samaru ba abin da ya samu, sai tsayuwa a rana da cusa kai mutum huɗu a kujerar mutum uku. Kuma kar a ɗauka duniya ta juya wa mota baya, motocin duniya sun haura biliyan ɗaya tun wajen 2010 kuma ƙaruwa suke yi, musamman a Sin da Indiya. Raguwar ta wasu manyan birane ce da ta matasa.

Mu da muke da mai a ƙasa, ga matatar Ɗangote ta fara aiki, ba zai dawo 200 ba?

Ɗan'uwa cire wannan a ranka. Man 200 ba farashinsa kenan ba dama, gwamnati ce ke cike gibin, a 2022 kaɗai abin ya ci sama da naira tiriliyan huɗu, yawanci kuma bashi. Matatar Ɗangote da ke Lekki babba ce ba wasa, ganga 650,000 a rana, ta fara fitar da fetur a Satumba 2024 kuma ta rage mana layi da shigo da mai daga waje, amma ɗan kasuwa ne, ɗanyen man saye yake yi da farashin kasuwar duniya ko da kuwa da naira ya biya, wani ma daga Amurka yake kawowa. Daga Legas kuma sai tanka ta yi tafiyar kwanaki kafin ta iso mu, ita ma dizal take sha, shi ya sa kullum namu ya fi na Legas tsada. Matatar Kaduna da aka buɗe a 1980 wadda ya kamata ta riƙa ba Arewa mai daga nan kusa, shekara da shekaru ba ta aiki.

Ka duba tarihin ma. Naira 11 a 1994, 20 a 1999, 65 zamanin 'Yar'aduwa, Jonathan ya kai shi 141 a Janairun 2012 aka yi zanga-zanga ya dawo da shi 97, Buhari ya kai shi 145 a 2016. Yakan ɗan sauko, amma bene yake hawa.

Mai zai ƙare ne a duniya?

Wata rana dole, tunda ba shuka shi ake yi ba, kuma duniya na shan wajen ganga miliyan 100 kullum. Amma ba ƙarewarsa ce za ta fara iso mu ba. Mai sauƙin haƙowa shi ke raguwa, sauran yana can ƙarƙashin teku ko cikin dutse, haƙo shi tsada. Kuma farashinsa ba a hannunmu yake ba, a yi rikici a Gabas ta Tsakiya ko Yukren sai ɗan acaɓa a Tudun Wada ya ƙara maka ɗari.

To ya aka yi mota ta zama dole a Zariya? Iyayenmu ai ba haka suka rayu ba.

Nan ne maganar take da daɗi. Zariya garin jirgin ƙasa ce kafin ta zama garin mota. Dogo ya iso tun wajen 1911, daga nan reshe ya tafi Jos, wanda aka rufe a 1957, wani ya tafi Gusau har Ƙaura Namoda a 1929. Sabon Gari kanta tashar jirgi ce ta haife ta, kamfanonin sayen gyaɗa da auduga duk a bakin dogo suka kafa rumbunansu, sunan unguwar PZ ma daga ɗaya daga cikin kamfanonin nan ya samo asali. Cikin ganuwa kuma an gina shi ne don mai tafiya a ƙasa da mai jaki da mai doki, masallaci da kasuwa da makarantar allo duk taku kaɗan ne, lungunan ma mota ba ta shiga wasunsu har gobe.

Sai kuɗin mai suka zo. Bayan tashin farashin mai na 1973 aka yi ƙarin albashin Udoji, kamfanin Fijo ya fara haɗa motoci a Kakuri ta Kaduna a 1975, ana ba ma'aikaci bashin mota yana fara aiki, matashi ya gama ABU yau, shekara ba ta zagayo ba yana cikin 504 sabuwa dal. Ana haɗa Volkswagen a Legas, Steyr a Bauci, manyan motocin Fiat a Kano. Fetur a lokacin kwabbai ne. Aka saki jirgin ƙasa ya lalace a hankali, kaya suka koma kan tirela, mutane suka koma kan titi. Da SAP ta Babangida, shirin tsuke bakin aljihun nan, ta zo a 1986 naira ta faɗi, sabuwar mota ta gagari ma'aikaci, sai aka koma tsofaffin Turai, amma arhar mai ta ci gaba da rufa asiri.

Arhar man nan ita ta tsara mana gari ba tare da mun lura ba. Mutum ya sayi fili can bayan Dogarawa ko hanyar Basawa ko gaba da Ɗanmagaji don ya fi arha, ya sa yara a makarantar da ke wancan ƙarshen gari, matarsa na aiki a Shika shi yana Kongo, duk a kan lissafin cewa tankin mota ba zai taɓa zama matsala ba. Yanzu gidan ya ginu, ba a ɗaga shi, lissafin kuma ya rushe. Wannan ita ce ainihin matsalar a ganina, ba wai motar kanta ba.

CNG fa, gas ɗin da ake sa wa mota? An ce ya fi fetur arha nesa ba kusa ba.

Ya fi arha, wannan ba musu, kuma iskar gas muna da ita mai tarin yawa. Gwamnatin tarayya ta kafa shirin CNG a 2023, cibiyar fasahar sufuri ta NITT da ke nan hanyar Basawa na cikin masu koyar da juya mota zuwa gas. Ga direban haya da ke Zariya zuwa Kaduna kullum, kilomita wajen 80, kuɗin juyawar zai iya dawowa da wuri. Ga mai motar gida da ke fita sau uku a mako kuma, sai ya zauna ya yi lissafi, don juyawar takan kai miliyan ko fiye in da kuɗinka za ka yi, tukunyar na da nauyi, tana cinye rabin but, cikawa ɗaya kuma ba ta kai ka nisan da tankin fetur zai kai ka. Babbar matsalar wajen cikawa ne, gidajen gas ɗin ba su da yawa a Arewa don da mota ake kawo shi. Bututun AKK mai kilomita 614 daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, da aka ƙaddamar a 2020, shi ne zai canza wannan in gas ya fara gudana a cikinsa sosai.

Don Allah kuma kar wani ya kai motarsa wajen mai walda ya haɗa masa tukunya. Wannan ba gas ɗin girki ba ne, matsinsa ya ninka na girki sau da yawa. A Oktoba 2024 wata mota ta tarwatse a gidan gas a birnin Benin na jihar Edo saboda tukunyar bogi.

Sannan shi ma gas ɗin daga ƙasa ake haƙo shi, kuma an riga an ƙara masa kuɗi tun bayan fara shirin. Sauƙi ne na wasu shekaru, ba warkewa ba.

Motar lantarki kuma? Ko mafarki ne a garin da ake kwana ba wuta?

A wasu ƙasashe ta wuce mafarki. Norwe, wadda ita ma mai take sayarwa, kusan tara cikin goma na sabbin motocin da aka saya can a 2024 na lantarki ne. Sin ta cika duniya da su. Habasha ma nan kusa ta hana shigo da motocin gida masu fetur da dizal a 2024, amma fa su sun gina babbar madatsar ruwa a kan kogin Nilu tukuna. A gida Najeriya, Jelani Aliyu ɗan Sakkwato wanda ya zana Chevrolet Volt, lokacin yana shugaban hukumar ƙera motoci ya sa an kafa wajen cajin mota mai sola a jami'ar Ɗanfodiyo, a Maiduguri kuma Mustapha Gajibo ya yi suna wajen maida ƙananan bas-bas na lantarki.

Matsalar ita ce girman batir. Batirin lithium da mai hali ke sa wa inbatar gidansa yakan riƙe yunit biyar ne, na motar lantarki madaidaiciya yunit 40 zuwa 60, wato ninki goma. Solar da ke riƙe maka fanka da firij ba za ta cika wannan a yini ba, in kuma janareta za ka tayar ka yi caji ai an koma gidan jiya. Ƙasar gaba ɗaya wutar da ake rabawa tana yawo ne tsakanin megawat dubu huɗu zuwa biyar.

Inda nake ganin abin zai fara kama mu shi ne napep da babur. Batirinsu ƙarami ne, ana iya cire wanda ya ƙare a sa cikakke a minti biyu a shago mai sola, haka ake yi a Ruwanda da Kenya, Kigali babban birnin Ruwanda ma ta daina yi wa sabbin baburan haya masu fetur rajista daga 2025. Ɗan napep da rabin cinikinsa ke tafiya gidan mai kafin ya haɗa balas ɗin mai napep ɗin, shi ya fi kowa buƙatar wannan, ba Alhaji mai jif ba.

Malam kuna ta cewa a ajiye mota, mu mata da yara fa? In naƙuda ta tashi ƙarfe biyun dare wa zai kai mu asibitin Shika?

Hajiya gaskiyarki, kuma wannan ce tambayar da masu cewa a koma keke ba sa son ji. Namiji zai ɗare acaɓa ya tafi, ke da goyo da yara biyu da hijabin da ke iya shiga taya ba haka ba ne, kuma duk wanda ya taɓa zuwa dubiya ɓangaren ƙashi ya san abin da babur ke yi wa mutane. Ga tsoho mai ciwon ƙafa da za a kai asibiti duk wata, ga dare da ba kowace unguwa napep ke yarda ya shiga ba. Gidan da ke da irin wannan lalura ban ce su sayar ba ko kusa.

Abin da mutane suka fara yi da kansu shi ne raba aikin motar gida biyu. Zirga-zirgar kullum, makaranta da kasuwa da ofis, a ba napep ɗaya amintacce na unguwa shata ta wata, gida uku ko huɗu su haɗa kuɗi ya kwashi yaransu. Motar kuma ta zauna da ɗan mai a ciki don dare da asibiti da tafiyar gida. Wasu 'yan'uwa ma mota ɗaya suka bari a gidan babban wa, mai buƙata ya zuba mai ya ɗauka. Ana samun saɓani a kan wa ya fasa fitila, wa ya dawo da ita ba mai, amma ya fi kowa ya riƙe tasa tana ruɓewa.

Akwai kuma maganar da ba a faɗa a fili, kunya. Mutum ya saba a gan shi da makulli a hannu a wajen ɗaurin aure, yanzu ya sauka daga napep gaban surukai. Wallahi wasu bashin mai suke ci saboda wannan kawai. Abin da ya rage zafin shi ne yanzu an yi yawa, farfesa ma na cikin bas ɗin Samaru.

Keke fa, ba zai dawo ba?

Ya ɗan fara, musamman ɗalibai da masu gadi da 'yan ƙauyukan gefe da dama ba su taɓa barinsa ba. Zariya shimfiɗaɗɗiya ce ba tudu sosai, da can malaman makaranta da ma'aikatan reluwe a kan Raleigh suke zuwa aiki ba wanda ya raina su. Amma keke tsakanin tireloli a Kwangila sai mai ƙarar kwana. Ojo Maduekwe yana ministan sufuri a 2001 ya yi ta kiran a hau keke, shi kansa bas ta ture shi cikin kwata a Abuja. Holan da ake misali da ita ba wa'azi ta yi wa mutane ba, bayan rikicin mai na 1973 da yawan yaran da mota ke kashewa sai suka ware wa keke hanyarsa daban.

Makanikai da masu faci da 'yan sifiya, ya za su yi in motoci sun ragu?

Sun riga sun ji a jikinsu. Je gareji ka gani, mai mota ya zo juye ya ce a bar fulogin sai wani watan, a wanke tsohuwar filta a mayar, ko ya ce a cire masa indomi, abin tace hayaƙin nan na cikin salansa, a sayar a cike kuɗin gyara. Amma aikin bai mutu ba, komawa ya yi kan napep da babur da janareta da injin ban-ruwa. Yaron da ke koyon aiki yau in yana da wayo ya haɗa da wayarin da aikin gas da batir, don motocin da ke shigowa yanzu ma sai an jona musu kwamfuta kafin a san ciwonsu.

Maganar hayaƙi da sauyin yanayi ta shafe mu, ko ta Turawa ce?

Kowace lita ɗaya ta fetur in ta ƙone tana sakin kilo 2.3 na iskar da ke ɗumama duniya, amma Afirka gaba ɗaya ba ta kai kashi huɗu cikin ɗari na abin da duniya ke fitarwa ba, don haka ba Corollar malamin firamare ce ta rikita damina ba, kuma ban yarda a ɗora masa laifin ba. Wanda ya shafe mu kai tsaye hayaƙin da muke shaƙa ne. Tsaya PZ da yamma minti goma ka ji maƙogwaronka. A jerin hukumar lafiya ta duniya na 2016 Kaduna na cikin biranen da iskarsu ta fi ƙura da datti a duniya. Ga kuma wani abu, hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙirga tsofaffin motoci miliyan 14 da Turai da Amurka da Japan suka fitar tsakanin 2015 da 2018, kaso mafi girma Afirka ya zo. Duk sanda suka ƙara komawa lantarki, tsofaffin masu shan mai nan za a ƙara juyo mana su.

To me ya kamata a yi wa Zariya?

Allah ya yi mana gata ɗaya da ba kowane gari ke da shi ba, garin a jere yake. Daga Shika ka biyo Samaru, Palladan, Kwangila, PZ da Sabon Gari, Tudun Wada, Ƙofar Doka ka shiga birni, kusan duk manyan wuraren da mutane ke zuwa kullum, asibitin koyarwa, jami'a, kwalejin jiragen sama, kasuwa, fada, suna kan wannan layin ko dab da shi. Manyan bas-bas masu tashi a kan lokaci, ba sai sun cika ba, da wajen tsayawa mai rumfa da kujerun mata, za su ɗauke yawancin wahalar nan, napep kuma ya koma aikin kwaso mutane daga unguwanni zuwa bakin titi. Gwamnatin Kaduna ta fito da bas 100 masu gas a 2025, abin tambaya shi ne nawa ne rabon Zariya kuma wa zai riƙa gyara su bayan shekara uku, don mun sha ganin motocin gwamnati sun ƙare a kan dutse. Dole kuma a zauna da 'yan ƙungiyar direbobi da masu ƙananan bas tun farko, abincinsu ne, in aka tsallake su ba inda za a je.

Gadar sama da faɗaɗa titi suna da kyau a ido, amma mai mota suke wa aiki, shi kuma mun ga ko nawa ne a cikin ɗari. Sabon dogon Kaduna zuwa Kano da aka ƙaddamar a 2021 ta nan zai bi, ranar da ya fara aiki mai zuwa Kano sari ko Kaduna ofis ba shi da dalilin ƙona tanki guda.

Ni dai a gaya min, in sayar da tawa ko in riƙe?

Ranka ya daɗe ɗauki biro ka rubuta abin da ta ci maka a wata ukun da suka wuce, mai da gyara da takardu, ka raba da yawan fitar da ka yi da ita, sai ka kwatanta da kuɗin shatar napep na wannan fitar. In motar na kawo kuɗi, ko akwai mara lafiya ko tsoho a gida, ko unguwarku ba abin hawa bayan isha'i, riƙe ta. In babbar mai silinda shida ce da ake fita da ita Juma'a da biki kawai, sayar tun tana tashi, don masu neman irinta raguwa suke yi, kuma ka sani in ka sayar da wuya kuɗin su sake saya maka kamarta, saboda haka kar a narkar da su a hidimar biki. In ka sayar a yi takardar canjin mallaka a gaban shaidu, kar a je a yi ɓarna da mota tana ɗauke da sunanka.

In kuma ajiyewa za ka yi, cire kan batir, ka riƙa tayar da ita duk mako tana ɗan zagaya layi don taya da birki kar su kama, kar ka bar tsohon fetur ya yi watanni a tanki don lalacewa yake yi ya toshe famfo, ka kuma sa maganin ɓera a ƙarƙashin bonet, wayar da za su ci a dare ɗaya sai ta fi kuɗin man wata.